Kofin Shayi a Kan Akwatin Gawa

"Sannu da aiki, tsoho mai mantuwa!"

"Yawwa, sannu da yawo, amaryar da ba ta iya dafa ƙwai ba. Taka a hankali, kabejina kike tattakewa."

Ranar Lahadi ce da hantsi, muna zaune a rumfar lambun maƙwabcina Wilfred Sugden, a bayan garin Huddersfield da ke yankin Yorkshire, sai ga jikarsa Tamsin da takarda a hannu. Wilfred shi ne ya shirya kayan da aka jera gaban kyamara a wani fim na shekarar 1974, labarin mawaƙin da ya tashi daga akwatin gawa da jitarsa, matattu suna taya shi rawa. Da fim ɗin ya fito ba wanda ya kula shi. Yanzu kuwa matasa sun haddace shi, suna zuwa silima da shigar matattu, suna mayar wa 'yan wasan magana. Asabar mai zuwa za a yi bikin cikarsa shekara hamsin, kuma Tamsin aka zaɓa ta karanta kurakuran fim ɗin gaban mutum ɗari huɗu, da sunan wanda ya yi kowanne.

"Kaka, goma sha bakwai na ƙirga, tara naka ne. Na zo ka amsa laifinka tun kafin in tona ka."

"Laifin wa? Ni da aka sani da aiki kamar agogon coci?"

"To, agogon coci, kofin shayin wane ne a kan akwatin gawa, minti na arba'in da biyu? Har da tururi!"

"Na mamacin ne. Shekara ɗari biyu yana kwance, ba zai ji ƙishi ba?"

"An rubuta W. S. a jikinsa da jan fenti."

"Ke kika san sunan mamacin? Kin je jana'izarsa?"

"Lallai tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Kyandirori fa? Ya fara waƙa suna guntaye, ya kai amshi sun yi tsawo."

"Gidan fatalwa ne, yarinya. Kina so kyandir ya bi doka a gidan da gawa ke kaɗa jita?"

"Jitar ma ba a jona mata waya ba, amma tana ƙara kamar aradu."

"Ke ma ba a jona miki waya ba, ga shi tun daga bakin ƙofa ake jin ki."

"Jinin da ke kumatun budurwar nan fa? Yana dama, ta juya, ya koma hagu."

"Ba jini ba ne, jam ɗin shafa wa burodi ne na kakarki, kuma zanzaro ya bi shi. Ke da zanzaro zai sauka miki a fuska, da ba kumatu kaɗai za ki sauya ba, gari za ki sauya."

Na san Wilfred shekara talatin da takwas, ban taɓa ganin ya shiga silimar nan ba. Da ya ce mata, "Cire sunana daga takardar nan," ban ji wasa a muryarsa ba.

"Ba zan cire ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ko ka san da kofin ya bayyana kowa sai ya ɗaga nasa, a yi ihu, 'Sha da zafinsa!' Ni ma ina da nawa."

"Wato shekara hamsin ana yi mini dariya, har da jikata a ciki."

"Ana yi, kuma Asabar za a ƙara."

Ya ajiye cebur ɗinsa, ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa saboda dariya.

"Goma sha bakwai? Abin da idanu ɗari takwas suka iya gani ke nan? Ashirin da shida ne."

"Ƙarya kake, tsoho! Sau sittin na kalle shi."

"Kin kalli ƙafar mamacin sa'ad da ake rufe akwatin? Takalmin roba ne na lambu. Jarumin ya tafi mashaya ya ƙi dawowa, ni aka kwantar. Kin ji atishawar da ke cikin waƙar ƙarshe? Tawa ce, kun ɗauka ganga ce."

Tamsin ta buɗe baki, ta laluba aljihu tana neman biro. "Sauran bakwai ɗin fa?"

"Oho. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rufin silima ba zai gani ba. Je ki karanta guntun lissafinki, ni kuma in miƙe daga kujerar baya in ce jikata makauniya ce."

"Haba angona, haba ɗan saurayi! Wa ya kai ka kyau a duk Yorkshire?"

"Ɗazu tsoho ne mai mantuwa."

Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun taki. "Na sallama. Riƙe takardar, kai za ka hau dandamalin, ni in riƙe maka sanda. Amma ka san da bakinka za ka faɗi sunan mai laifin."

"Zan faɗa, harafi-harafi. Wanda ya yi ɓarna shi ya fi sanin adadinta. Tashi daga kan takina, ki ɗora mana ruwan shayi."