Ta'aziyyar Birkin da Surukin Mahfuz Ya Sa Aka Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun riga mai cike da lakar gonar mutane, Mahfuz Saleh na unguwar Wulari yake sanar da 'yan uwa da abokan tsere rasuwar birkin motarsa, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a babbar kwanar filin tseren da ke hanyar Khaddamari, ƙafar mai shi tana kansa.

Mota na tafe kamar an harbo ta. Pindar, abokin hamayyar da Mahfuz bai taɓa ganin gabansa ba, yau ga shi a baya, karo na farko a tarihi. Kwana ta taso. Mahfuz ya taka birki, shiru. Ya sake takawa har gwiwarsa ta miƙe, shiru. Ya kira sunan Allah, ya kira na mahaifiyarsa. Motar ta ratsa tsofaffin tayoyin da aka jera don shinge, ta tsallake kwata, ta faɗa gonar albasa, ta yi ta nome fangali bayan fangali, har laka ta yi aikin da marigayi ya kasa. Mahfuz ya fito da ransa da ƙafafunsa. Pindar ya sha kwanar a tsanake yana ɗaga masa hannu.

Marigayin, mai suna Kabon-Siramik, haifaffen ƙasar Jamus ne. Su huɗu ne, faifai ɗaya a bayan kowace taya, amma suna ɗaya suke amsawa. Ya shigo ƙasar nan ta jirgin sama, a naɗe kamar ƙwai. Abin da aka kashe wajen kawo shi kuwa ba a faɗa a gidan makoki, akwai masu hawan jini.

Duk wanda ya zauna da shi ya shaide shi. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Bai taɓa yin tsatsa ba ko da damina ta kai damina. Bai taɓa baɗe ƙafar mota da baƙar ƙura ba, irin yadda birkin talakawa ke yi. Uwa uba, ba ya gajiya. Birkin ƙarfe in ya sha zafi sai ya saki, shi kuwa marigayi sai ya yi zafi yake fara kama aiki. Da Mahfuz ya ji haka ya ce ai an gama, wannan don Maiduguri aka yi shi. Daga baya ya gane zafin da ake nufi ba na watan Afrilu ba ne, na gudu ne, irin wanda ba a samu a garin da kowace kwana akwai tudun rage gudu, ko rami, ko shingen bincike, ko mai Keke Napep da ya tuna wani abu a tsakiyar titi. An ƙera marigayi don tsayar da mota mai tashi sama, ya ƙare rayuwarsa yana tsayawa wa awaki.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: murya. In bai yi zafi ba, kuka yake. Waɗanda suka san shi ba za su manta ba. Ƙiiiii a bakin masallaci. Ƙiiiii a wajen ɗaurin aure, liman na tsakiyar addu'a. Ƙiiii-ƙit a ƙofar gidan surukinsa a Shehuri, duk ranar da Mahfuz ya je gaisuwa. Shi dai a kunnensa waƙa ce. Ya sha yi wa mutane bayani cewa haka masu tsada suke yi.

Surukin nasa, Baba Gana, tsohon dillalin shanu ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, kuma shi ba a yi masa wannan bayanin ba, don suruki ba a zaunar da shi a koya masa birki. Abin da yake ji kawai shi ne na dattawan majalisarsa.

"Gana, ga mijin 'yarka nan tafe, tun daga kasuwa muke jin sa."

"Motar ce haka, ko ya ɗauro injin markaɗe a baya?"

"A haɗa masa ɗan wani abu mana, yaron kirki ne, wataƙila hali ne babu."

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya wa Baba Gana a wuya.

Rashin lafiyar marigayi gajeruwa ce, ta same shi ne yana kan ganiyarsa. Mahfuz ya yi tafiya Abuja, ya bar motar a gidan suruki don ta fi samun tsaro. Baba Gana ya sa aka ja ta zuwa wajen wani mai injin sassaƙar ƙarfe, ya tsaya a kansa da kansa, a rana, da babbar riga. Mutumin ya ɗora faifan farko a inji don ya feƙe fuskarsa kamar yadda ake yi wa na ƙarfe. Marigayi ya yi ta maza, ya cinye masa bakin inji, ya cinye na biyu. Mai injin ya ce tunda yake bai taɓa ganin ƙarfe mai taurin kai irin wannan ba, ya ɗauko injin gurza, ya bi su duka huɗun har suka yi laushi. Da aka mayar aka gwada, saura ɗan kuka kaɗan. Sai aka kawo giris, aka shafe shi ciki da bai, ba rowa.

Mahfuz ya dawo. Baba Gana ya miƙa masa mukulli yana murmushi, ya ce, "Na sa an ɗan duba maka ita." Mahfuz ya ɗauka wanki ake nufi, ya durƙusa ya yi godiya. A hanyar gida, cikin tafiyar hawainiya ta gari, ya taka birki ya ji tsit. Daɗi ya kama shi. Ya kira Pindar a waya ya ce birkin ya gama zama, kamar yadda Turawa suka faɗa a intanet, ya shirya shan ƙura ranar Asabar.

Bayan an jawo motar daga gonar, Nicodemus makanike ya kwance taya. Ya sa yatsa ya lakato giris, ya duba yatsan, ya dubi Mahfuz, ya cire hularsa.

Mahfuz ya iso gida yana huci, yana neman takalmin da zai sa ya tafi Shehuri. Matarsa Rumaisa'u ta tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Wajen Baba. Yau sai na gaya masa."

"Ka gaya masa me? Cewa ya ɓata maka mota? Mutumin da ko ruwan sha ba ya ɗebo wa kansa, ya je ya tsaya a rana saboda kai? Ya gama gaya wa majalisa ya rufa maka asiri. In ka buɗe bakin nan, ni ka tozarta, ba shi ba."

"Rumaisa'u, birkin fa..."

"Birkin ne ya ba ka ni?"

Ba a ma kai ga tafiyar ba, sai ga Baba Gana da kansa ya zo jaje, da dattawan majalisarsa a bayansa, Pindar ma ya biyo sahu da fuskar tausayi ta aro. Aka shimfiɗa darduma. Mahfuz ya zauna a ƙasa, maganar tana nan a bakinsa, zafi kamar garwashi.

"Wushe, wushe, sannu ɗana," in ji Baba Gana. "Allah ya kiyaye gaba. Ka ga ikon Allah ko? Da ban sa an gyara maka birkin nan ba, da yanzu wani labarin ake yi."

Dattawa suka ce ƙwarai kuwa. Mahfuz ya ɗaga kai. Ya ga labulen ɗaki yana motsi, ya san wadda ke bayansa. Ya haɗiye.

"Haka ne, Baba. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

Pindar ya cusa hula a baki, ya fita waje wai tari ya sarƙe shi.

Marigayi ya rasu ya bar inji ɗaya mai ƙarfin da yanzu ba mai tsawata masa, da tayoyi huɗu da har yau suke warin albasa, da maƙallansa masu launin zinare da suka zama marayu. Ya bar mai gona, wanda yake zuwa gaisuwa kullum ba ya gajiya. Ya kuma bar magabatansa, tsofaffin faya-fayan ƙarfen da aka sallama ranar da ya zo ba tare da ko na gode ba. Biyu suna danne da kwanon rufin ɗakin awaki, ɗaya an ɗaure rago a jikinsa, ɗayan ana cigiya. An tura musu ban haƙuri, ana sa ran za su koma bakin aiki.

Game da jana'iza, da farko an yi niyyar miƙa gawar ga 'yan gwangwan. Ɗayansu ya zo, ya manna mata maganaɗisu, maganaɗisun ya faɗo. Ya ɗaga ta ya ji sakayau, ya ce shi ƙarfe yake saya, ba ya sayen tangaran. Don haka za a binne marigayi gobe bayan la'asar a bayan garejin Nicodemus, kusa da inda ake zubar da baƙin mai. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan Mahfuz da ke Wulari. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya tambayi musabbabin rasuwa in Baba Gana yana wurin, duk wanda dariya ta ci ƙarfinsa kuma akwai fili a waje.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa aka yi sallama a ƙofar gida. Mahfuz ya leƙa. Wani mutum ne da bai taɓa gani ba, baƙin tabarau a goshi, zarto a hammata, tukunyar walda a cikin Keke. Bai ko dubi mai gidan ba, idonsa yana kan bayan motar.

"Nan ne gidan Mahfuz? Baba Gana ya aiko ni. Ya ce salansar ma ƙararta ta yi yawa."