Tsamiyar Ma'aikatar Muhalli da Makamashi

Duk wanda ya ce Ma'aikatar Muhalli da Makamashi ba ta yi sa'ar Kwamishina ba, to hassada ce ke cin sa. Mutum ne mai kishin iska da ruwa da tsirrai, kishin da ya sa ba ya yarda ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa jikinsa. Daga mota mai baƙin gilashi sai ofis mai sanyi, daga ofis sai mota. Ma'aikata na kiransa Baba Almakashi, don kullum akwai almakashi a aljihunsa, ko Allah zai kawo ƙyallen da za a yanka. Bai taɓa barin aiki ya wuce ba tare da an liƙa allon tagulla mai ɗauke da sunansa ba. Famfon harabar ma'aikata yana da allo, kwandon shara yana da allo. Bayan gida ma da aka sauya wa ƙofa, sai da aka tara jama'a aka yi tafi.

Abu ɗaya ne ke hana bawan Allah sakat: ana ta raɗe-raɗin Gwamna zai yi garambawul, kuma kujerar Baba Almakashi na cikin masu rawa. Ana cikin haka aka ce Gwamna da kansa zai zo bikin tunawa da kafa ma'aikatar. Gogan naku ya lashi takobin ranar ce zai dasa kujerarsa da siminti.

Sai ya yi odar farantan sola, aka jera su a kan rufin ofishinsa. Ba don kansa ba, haba, don al'umma ne. Kawai dai wayar ba ta kai ko'ina ba sai na'urar sanyaya ɗakinsa da firjin da ke gefen teburinsa. Amma sai ga cikas. Wata tsohuwar tsamiya a tsakar haraba ta baza rassa ta rufe farantan. Ɓangaren Makamashi suka ce a rage mata reshe, ɓangaren Muhalli suka ce ba mai taɓa ta. Dama tun da aka haɗe sassan biyu a ma'aikata ɗaya suke zaman doya da manja.

Baba Almakashi ya daɗe da jin haushin bishiyar nan, don tsuntsayenta ba su san darajar motar gwamnati ba. Ya kira taro, ya gyara zaman hula.

"Ni ne Muhalli, ni ne Makamashi," in ji shi. "Da na zauna da kaina, na saurari ɓangarorin biyu, mun cimma matsaya. A sare ta."

Babban Sakatare ya buɗe baki, ya ce ranka ya daɗe, ai wannan tsamiyar... Kwamishina ya ɗaga masa hannu, ya tuna masa cewa aikinsa rubuta jawabi ne, ba yin jawabi ba. Sakatare ya haɗiye sauran maganarsa, ya koma ofis.

Aka sare ta. Kuma don kada a ce ma'aikata na almubazzaranci, Kwamishina ya sa kafinta ya ƙera dandamalin jawabi da katakonta, a kan kututturen nata. Aiki ya yi kyau, ya sha fenti. Saura me? Allo mana. Aka buga shi a gaban dandamalin da manyan baƙaƙe, aka lulluɓe da ƙyalle sai ranar biki.

Ranar ta zo da rana mai ƙuna. Aka jera kujeru a filin da a da inuwa ce, baƙi na ta fifita da takardun shirin taro. Gwamna ya zauna a gaba, gumi na bin wuyansa. Baba Almakashi ya hau dandamali, ya karɓi jawabi daga hannun Sakatare. Bai taɓa karanta jawabi kafin taro ba, yana ganin wannan aikin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne.

Ya fara da tarihi, muryarsa na kaɗawa. Ya ce wannan ma'aikata ta faro ne a matsayin ɗan sashen gandun daji, ba ofis, ba teburi. Ya ce ma'aikatan farko a gindin wata tsamiya suke zama, nan suke renon dashe, nan suke raba wa manoma. Daga baya aka ƙara musu kula da shara da magudanan ruwa, sannan aka haɗo su da wutar lantarki. Saboda haka ne, in ji takarda, hoton tsamiyar ke jikin tambarin ma'aikata har gobe. Abin ya taɓa zuciyarsa. Ya ajiye takarda, ya daki ƙirji, ya ƙara nasa daga ka.

"Wannan tsamiya uwa ce gare mu. Duk inda take a faɗin yankin nan, muddin ina numfashi, gatari ba zai kusance ta ba."

Ba wanda ya tafa. Ya ɗauka kwarjininsa ne ya daskarar da su.

Gwamna ya share gumi, ya ce dama ita yake ta dubawa tun da ya shigo. Ya ce yana ƙaramin ma'aikaci a gindinta ya fara aiki, kuma a nan tsakar harabar ya bar ta. Ina take?

Baba Almakashi ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi tambarin da ke maƙale a ƙirjinsa. Sai yanzu ya ga kama. Amma namiji ne, bai faɗi ba. Ya ce lalle wasu maƙiya ci gaba sun yi wa ma'aikata zagon ƙasa, kuma yanzun nan zai kafa kwamiti mai ƙarfi ya zaƙulo mai laifin, ko waye shi, ko ɗan waye.

Gwamna ya ce madalla, to a buɗe allo a tashi, rana ta yi yawa.

Kwamishina ya ciro almakashi. Ƙyalle ya faɗi, tagulla ta haska. Gwamna ya sa tabarau ya karanta a bayyane, a hankali, yadda na baya ma za su ji: an kawar da bishiyar da ke wannan wuri, an gina wannan dandamali da katakonta, bisa hangen nesa da umarnin Mai Girma Kwamishina shi kaɗai. Kalmomin ƙarshen nan Kwamishina da kansa ya matsa a ƙara su, don kada Sakatare ya ci arzikin yabo.

Gwamna ya cire tabarau. "Kwamitinka ya iya aiki," in ji shi. "Ban taɓa ganin mai sauri irinsa ba."

Kafin baƙi su watse an karɓi makullin mota da na ofis mai sanyi. Baba Almakashi ya tsaya a tsakar haraba yana jiran ƙaninsa ya zo da babur ya ɗauke shi, rana na dukan ƙeyarsa. Ya zaga ya zaga yana neman inda zai fake, bai samu ba. Aka ji shi yana mita ƙasa-ƙasa, wai ma'aikatar muhalli guda, a ce an rasa mai hankalin da zai dasa ko bishiya ɗaya.