Yadda Za Ka Burge Surukarka ta Jeju a Tsakiyar Hunturu

Kai ɗan birnin Seoul na Koriya, wanda bai taɓa taka ƙasar da ba kwalta ba, kuma budurwarka ta riga ta faɗa wa uwarta cewa kai masoyin daji da teku ne: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, yarinya taka ce. Abokina Dal-su ya bi su, kuma ya yi nasarar da har ta fi ƙarfinsa.

1. Zaɓi lokacin da babu mai hankalin da zai je

Kowane raggo na iya son tsibirin Jeju da bazara. Kai ka je lokacin da ƙanƙara ta rufe Dutsen Halla, iska na neman cire wa mutum kunne. Haka Dal-su ya sauka tare da budurwarsa Ae-ran, haƙoransa na kaɗawa, ya tarar da uwarta, Inna Mal-sun, a bakin ƙofa. Tun tana budurwa Inna take nutso cikin teku tana ciro dodon-koɗi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ne ɗan dajin?"

"Shi ne, Inna," in ji Ae-ran.

2. Zagi birni

Kada ka tausaya masa. Ka ce hayaƙi, ka ce hayaniya. Dal-su har da dafe ƙirji: "Inna, Seoul kurkuku ce. Gidan da nake ma zafi ya yi masa yawa, ƙasan ɗakin kamar kasko. Ga kantuna sun kewaye mutum, ba ya ko jin kukan tsuntsu."

Inna Mal-sun ta ajiye cokali. "Ƙasan ɗakin da ɗumi, ka ce? Har banɗaki?"

"Har banɗaki, Inna. Abin takaici."

Lura: idan suruka ta fara tambaya, ta fara sonka ke nan.

3. Ci duk abin da ya fito daga ruwa

Ko yana motsi. Musamman idan yana motsi. Haɗiye, ka lumshe ido. Hawayen da zai zubo, ka ce na daɗi ne.

4. Yabi iska

Da safe Inna ta kai shi bakin teku, inda tsofaffin ƙawayenta ke shirin nutso. Iska ta kwashe hularsa ta yi gaba da ita. Yatsunsa sun daina jin komai, amma ya buɗe hannuwa ya ce, "Kai! Da a nan zan ƙare rayuwata, da na gode."

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Mal-sun, ina kika samo wannan? Leɓensa ya yi shuɗi yana waƙa!"

"Ku bar min ɗana," in ji Inna Mal-sun. Dal-su ya ji kalmar "ɗana" har cikin ƙashinsa. Ae-ran kuwa sai taka masa ƙafa take yi, shi kuma ya ɗauka murna ce.

5. Karɓi sakamako

Da rana Inna ta zaunar da shi a gonarta ta lemu, itatuwa sun yi nauyi har ƙasa.

"Na amince," ta ce. "Na daɗe ina roƙon surukin da zai so wurin nan, don ni kam ya ishe ni. Gwiwoyina sun sha ruwan sanyi. Ga almakashi, ga kwanduna, lemu ba ya jiran kowa. Ba ni makullin kurkukun nan naka, in je in sha wahalar ɗumi zuwa bazara."

Dal-su ya dubi Ae-ran.

"Na taka ka, na sake taka ka," ta ce.

Ya miƙa makulli.

An yi biki. Dal-su na can cikin lemu, hanci na yoyo. Inna kuma kullum sai ta aiko hotonta a manyan kantunan Seoul, da ƙaramar riga, tana tambaya ko iska na nan lafiya.

Gargaɗi: ni shawara na bayar, ban riƙe bakinka ba. Mura, tsagewar leɓe, da surukar da ta ƙi dawowa duk naka ne. Kada ka neme ni. Idan kuwa ka ga dole, ka haɗo da kwandon lemu.