Dokar Kansila Sabulu

Duk wanda ya ce garinmu ba shi da gwarzo, bai taɓa ganin Kansila Sabulu yana shiga zauren majalisa ba. Tumbi ne ke fara sallama, sai turare, sannan shi kansa. Sunan Sabulu kuwa shi ya jawo wa kansa, ranar da ya rantse a lasifika cewa sai ya wanke siyasa tas, ya ɗauraye ta, ya shanya. Mu dai muka tafa. Ba kullum ake samun mai wanki kyauta ba.

Bana kujerar shugaban gari yake nema, kuma ya ƙwallafa rai a kanta har ya aika kafinta ya auno faɗinta. Abokin takararsa Mai Burodi ne, wani siririn mutum mai fulawa a gira, wanda hotonsa ya shekara ashirin a jikin ledar burodinsa. Wannan hoton shi ke ci wa Kansila rai. Kullum da safe in matarsa ta kawo shayi, sai ya tarar da abokin gabarsa kwance a kan teburinsa yana murmushi.

Sai basira ta sauko masa. Ya kai ƙuduri majalisa: kada ɗan takara ya kashe abin da ya wuce albashin malamin makaranta na shekara guda. Kwana uku ana tafka muhawara. Wasu suka ce ko man mota ba zai isa ba. Wani ya ce tunda malami na rayuwa da shi har da iyali, ɗan takara ma ya ɗanɗana. Kansila ya miƙe, ya gyara zaman hula, ya jira mai ɗaukar hoto ya shirya.

"'Yan uwana masu girma, tarihi yana kallona. Duk abin da ke ɗauke da fuskar ɗan takara, kamfe ne. Ko kofi ne, ko tsumma, ko," ya ɗan yi tari, "ledar abinci. Wanda ya wuce iyaka a cire sunansa. Babu ɗaukaka ƙara, babu ban haƙuri, ko da ubana ne."

Ya nace sai Sakatariyar kwamitin zaɓe ta rubuta shi kalma da kalma. Dattijuwa ce mai tabarau, wadda ba a taɓa kama ta tana dariya a wurin aiki ba. Ta rubuta, ta ja layi a ƙasa.

Da labari ya kai wa Mai Burodi, sai ya ɗaga kafaɗa, ya koma sa burodinsa a farar leda.

Amma doka irin wannan ai ba a barinta ta kwana a fayil. Dole talaka ya san wanda ya cece shi. Kansila ya sa aka buga fosta dubu goma. Fuskarsa ta cinye takardar, dokar na can ƙasa kamar jerin tururuwa, sama kuma da jan rubutu: NI BA NA SAYARWA BA NE. Sai laima, sai bokiti, sai kalanda, sai agogon bango, kowanne da kumatun nan biyu suna sheƙi. Kafin wata ya ƙare mai ɗab'i ya sake rufin gidansa.

"Maigida, wannan duk ba fuskarka ba ce?" in ji matar Kansila.

"Wayar da kai ake ce masa. Ke ina kika san siyasa?"

Ranar tantance 'yan takara ya iso ƙarƙashin laima mai hotonsa, ya miƙa wa Sakatariya kyautar kalanda. Ta yi godiya, ta liƙa mata lamba, ta ajiye gefe. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya zaro damin rasit ya dire a gabanta.

"Ki duba, Malama. Ki ga abin da na sadaukar don dokar nan ta shiga kowane gida. A rubuta saboda 'yan baya."

Ta duba ɗin kuwa, ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa.

"Ranka ya daɗe, albashin malamai goma sha ɗaya ne. An cire sunanka."

"Malama, ni fa na yi dokar."

"Shi ya sa na haddace ta."

"To zan ɗaukaka ƙara."

Ta juyo masa littafin, ta ɗora yatsa a kan layin da ta ja. Wallahi na ji tausayinsa, na kusan minti guda.

Mai Burodi ya hau kujera babu hamayya, ya zauna har da sauran fili. Fosta dubu bakwai kuma suka yi saura a falon Kansila, har matarsa ta gaji da tsallake su, ta kira mai sikeli ya auna, ta sayar. Gidan Mai Burodi ne suka saya, don takarda ce mai kyau, ba ta tsotse mai da yawa.

Yanzu dai fuskar Kansila ta shiga kowane gida, kamar yadda ya yi fata. Kullum da safe shayi na zuwa, burodi na biye, a naɗe cikin kumatunsa da jan rubutun nan: NI BA NA SAYARWA BA NE. Jiya ya daure ya tambayi matarsa nawa ta sayar.

"Kilo uku, burodi ɗaya," in ji ta. "Sai da na roƙe su ma."