Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Hashimu Mai Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya gajiyar da ita, iyalan Hashimu Mai Hoto na bakin tashar Ƙaura Namoda suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Shinkafi da Zurmi da kewaye rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, a tsakar gida, a hannun mai ita, bayan jinyar da ta ɗauko tun tsakiyar damina. Ta tafi da aiki ɗaya a wuyanta wanda ba ta sauke ba, wato hoton Inna Asibi, mahaifiyar Hashimu. Wannan aikin ne ya hana bawan Allah sakat har yau.

Marigayiya ba haihuwar nan ba ce. A Kano aka samo ta, ta hannu, a shekarun da aka raba maza da mata wajen biki, makaɗa suka rataye ganguna, mai hoto ya koma tsayuwar ƙofar gida. Hashimu ya gaji da fim. Ka ɗauka, ka kai Gusau wanki, ka dawo ka tarar ango ya rufe ido. Ya sayar da ɗan maraƙinsa, ya haɗa da geron da ya ajiye, ya kama hanya. A shago aka dire masa guda biyu: wata ƙarama sabuwa fil mai shiga aljihu, wadda ba a canza mata komai, da wannan tsohuwa mai nauyi, wadda ake kwance mata gilashin gaba, wato lensi, a ɗaura wani. Mai shago ya rantse ƙaramar ta ishe shi. Gogan naka kuwa ya ce shi mai sana'a ne, ba ɗan yawon shan iska ba. Aljihu bai kai ga lensi biyu ba, sai ya ɗauko tsohuwar da lensi ɗaya na talaka, ya yi wa kansa alkawarin na biyu in hali ya yi.

An yi mata shaidar alheri. Ba ta da yawan magana. In an tashe ta sai ta ce "tit." In tana neman fuska ta yi "zzz, zzz," kamar sauro, sannan ta ce "ƙyas," shi ke nan an gama. Ta ɗauki sababbin ma'aikatan jiha masu neman hoton kati. Ta ɗauki maniyyata. Ta ɗauki makiyaya a kasuwar Shinkafi, waɗanda ba sa yarda a danna sai bijimi ya shigo ciki har ƙaho. Ta shiga wajen mata a hannun Nusaiba, matar Hashimu, inda shi ba ya isa, ta fito ba ta taɓa nuna abin da ta gani ga wanda bai dace ba. Aibinta ɗaya, in aibi ne, shi ne ɗan madubin nan na bayanta. Kowa sai ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce a goge a sake. Ita ba ta taɓa ƙorafi ba, Hashimu ne dai ƙafafunsa suka gaya masa.

Mutum ɗaya ce ta gagare ta. Inna Asibi tun tana budurwa ta ji an ce hoto yana shan jinin mutum, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta ba ƙarfe jininta ba. Ko ɗanta ta hango da jakar, sai ta ja mayafi ta juya baya. Amma 'yarta Surayya tana aure a ƙetaren iyaka, gaba da Jangeru, da 'ya'yan da ba su san fuskar kakarsu ba, ga shi ƙafafun tsohuwa sun daina ɗaukar hanya. Bara da kaka, bayan saƙo kan saƙo, ta sauko. Sharaɗinta shi ne sau ɗaya tak, kada a ce mata gyara zama, kada kuma a ce a sake.

To, a nan ne gwaninta ta ci Hashimu. Maimakon ya danna nan take, kamar yadda kowane mai hankali zai yi, sai ya ce ai tunda sau ɗaya ne ba zai ɓata shi da lensin talaka ba. Shi wanda ake ɗaukar manya da shi yake so, mai fito da fuska tas ya narkar da bango. Nusaiba ta yi magana har ta gaji, ya ce ta bar shi da sana'arsa. Ya shiga tarin kuɗi. Rani ya wuce, damina ta sauka.

Ciwon ajali a hanyar Dauran ya fara. Ruwa ya tare Hashimu a kan babur yana dawowa daga ɗaurin aure. Gafakar fata da ya sa baduku ya ɗinka mata, irin ta littafi, ta sha ruwa ta ƙoshi, shi kuwa ya bar ta a ciki kwana da kwanaki, wai ta fi tsaro a nan. Fata ta riƙe damshi. Daga nan "ƙyas" ɗinta ya fara jan ƙafa, madubi ya yi hazo. An kai ta wurin mai gyaran rediyo a kasuwa, ya buɗe, ya hura, ya rufe, ya ce sai addu'a. An kai ta Gusau, aka ce babu kayanta. Haka ta yi ta fama, ta tashi yau, ta kwanta gobe.

Ranar Alhamis sabon lensi ya iso ta hannun direban Kano. Juma'a da hantsi Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauro zanen saƙin da ke ƙasan adaka tun bikin Surayya. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno a inuwar dogon yaro, ta haɗa hannuwa a cinya. Hashimu ya ɗaura lensi ya leƙa. Wallahi bai taɓa ganin fuskar uwarsa haka ba, kowace tsaga, kowace tamoji, har ƙwalla ta cika masa ido. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. 'Yar Baƙa ta ce "tit" a hankali, madubi ya ɗauke, ta cika. Inna ta tambaya ko an gama. Ya dubi zanen, ya dubi kwallin idonta, bakinsa ya ce an gama. Ta yi hamdala, ta ce ashe ma ba zafi, ta tashi ta ninke zanen ta mayar adaka.

Marigayiya ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura, da caja mai ɗauri da roba, da tsohon lensi wanda ya yi aiki har ya gode Allah. Ta bar sabon lensi maraya, wanda ko kaza bai ɗauka ba, kuma an zagaya Ƙaura kaf ba a sami kyamarar da bakinsa zai shiga ba. Ta bar Hashimu, wanda ya gaji gajiyar da kwanciya ba ta raba shi da ita, kuma ya rasa bakin da zai ce wa uwarsa ta sake zama.

Za a naɗe ta a tsohon rawani gobe bayan la'asar, a sa ta cikin kwalinta, a ɗora bisa kantar shago. Ba a buƙatar masu haƙa. Zaman makoki a shago ne, a bakin tasha, ba a gida ba, kuma ana roƙon jama'a don Allah su kiyaye wannan, domin Inna ba ta sani ba. Kullum da safe sai ta ɗaga labule ta ce, "Hashimu, hoton nau bai iso ba?" shi kuma ya ce yana Gusau wajen wanki. Duk wanda hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan, in ta tambaye shi, ya ce hanyar Gusau ce ba ta da kyau bana. Ɗan kasuwar Jangeru mai kai wa Surayya saƙo zai biyo kasuwa mai zuwa. Inna ta riga ta ƙulla kuka da daddawa a ƙyalle, ta bar bakin ƙullin a buɗe, ta ce kada kowa ya ɗaure sai an sa hoton.