Almakashin Shugaban Kwamiti

Allah bai ba garinmu kwalta ba, bai ba mu ruwan famfo ba, amma ya ba mu Shugaban Kwamitin Asibiti, kuma wanda ya samu irin wannan bawan Allah ai ya gama samu. Mutum ne mai tsari. Ko hularsa sai ya duba ta sau biyu a gilashin tagar asibiti kafin ya yarda ta zauna.

Asibitin dai ɗaki biyu ne da baranda. Gado uku, ɗaya bulo ne ke riƙe da ƙafarsa. Likita kuwa sai a hoton kalandar da ke bango. Ungozoma ce likita, ita ce nas, ita ce mai shara. Babban asibiti yana can tafiyar awa huɗu, a kan hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya hau ta.

Rannan wata ƙungiya ta aiko mana da keken ɗaukar marasa lafiya, mai ƙafa uku, fari fat, da gado ɗaya a baya. Gari ya yi ta hamdala. Shugaba ya zagaya keken sau uku, ya sa aka tura shi ƙarƙashin rumfa, ya ɗaura jan ƙyalle daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce ba a taɓa kayan hukuma sai manya sun zo daga birni sun yanke ƙyalle. Har almakashi ya saya mai ruwan zinare, ya soke shi a aljihun gaba kusa da biro uku da ba sa rubutu. Tun daga ranar ake kiransa Sai-An-Ƙaddamar, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Wata bakwai ana haka. Kullum da safe sai ya zo ya goge keken da hankici, marasa lafiya kuma ana ta wucewa da su a baro ta gabansa. Wata kaza ta samu wuri ƙarƙashin kujerar direba, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. A duk faɗin garin, ita kaɗai ce ta sauka lafiya albarkacin keken.

Idan ya gama goge-goge sai ya tsaya a baranda ya gwada jawabinsa a kan masu jiran magani.

"Ya ku al'ummar wannan yanki mai albarka, tarihi zai shaida cewa a zamanin shugabancina ne ciwo ya ji kunya, ya tattara kayansa ya bar garin nan."

Masu zazzaɓi suna karkarwa, kawunansu na rawa, shi kuwa yana ganin gasgata shi suke yi.

To, akwai matar mai injin niƙa, cikinta ya shiga wata tara, jaririn kuma ya kwanta a gicciye. Sau uku ungozoma tana samun Shugaba tana gaya masa a kai matar babban asibiti tun naƙuda ba ta zo ba, don rai biyu ne a kan siraɗi. Ya gyara zaman almakashinsa ya ce, "'Yar nan, gaggawa aikin shaiɗan ce. Ki ce mata ta daure zuwa ranar ƙaddamarwa, sunanta ya shiga tarihi." Mijin ya zo da ƙurar niƙa har a gira, ya durƙusa, aka ce ya rubuto wa kwamiti takarda. Kwamitin kuwa Shugaba ne da surukinsa da ba ya ji sosai. A nan kam dariya ta ƙare mana, tsoro ya kama kowa.

Ranar wata Talata da hantsi naƙuda ta tashi, aka turo matar a baro. Daidai lokacin Shugaba yana kan benci zai rataye hotonsa a saman rumfa, don manya su fara gani in sun zo. Da tsawo ya gaza, sai ya sa aka zaro masa bulon nan na ƙafar gado ya ɗora a kan benci. Bulo ya goce, Shugaba ya zo ƙasa tim, ƙafa ta karye, ya kira sunan mahaifiyarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Jiki magayi. Yana kwance cikin ƙasa, hula a gefe, ya ɗaga yatsa.

"A madadin kwamiti, na ɗage dokar ƙaddamarwa, saboda larurar gaggawa da ta shafi shugabanci."

Ungozoma ta matso kusa da shi. Ta zare almakashin daga aljihunsa, ta datse jan ƙyallen, ta ɗaure masa ƙafa da shi tsakanin katako biyu. Batir ya daɗe da mutuwa, don haka aka sallami kaza da 'ya'yanta, ƙanin mai niƙa ya kama tuƙi, maza suka tura har keke ya yi tari ya tashi. Aka ciccibi Shugaba zuwa baya yana gyara riga zai kwanta, sai ya tarar da matar mai niƙa a kan gadon.

"Baba, gado ɗaya ne," in ji ungozoma. "Zauna a ƙasa. Riƙe wannan sama, kada hannunka ya sauko."

Ta miƙa masa ledar ƙarin ruwa, don masu ƙera keken sun manta da ƙugiyar rataye ta. Haka ya yi awa huɗu, hannu a sama, kowane rami yana gaida ƙafarsa. A babban asibiti aka yi wa matar aiki, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Likitan can ya ce da sun ƙara awa ɗaya, da gaisuwar mutuwa za a zo yi.

Shugaba ya dawo da sanda, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi da kansa ya jagoranci aikin ceto na farko a tarihin yankin. Ba wanda ya musa masa. Keken dai yanzu ba ya hutawa, har fentinsa ya fara dusashewa.

Makon jiya direba ya ce zai kai keken wajen mai walda a liƙa masa ƙugiyar rataye ruwa. Ungozoma ta ce a bari tukuna, kada a raba Shugaba da aikin da ya iya.