Alayyahon Gidan Kallon Taurari

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da makarantar 'yata Hauwa ta kai ajinsu wani tsohon gidan kallon taurari, ni kuma na tashi daga unguwarmu ta Mount Hope, a nan ƙasar Turawa, da sabon mayafi na bi su a matsayin uwa mai sa ido.

Tun a mota na yi wa yaran huɗuba: kada wanda ya taɓa ko da ganye ɗaya. (Har yatsa na kaɗa musu.)

Gidan yana tsakiyar wani lambu mai furanni layi-layi. Yara suka shiga kallon na'urar hangen sama, ni na tsaya waje shan iska. Sai ga alayyaho a bayan wani agogon rana, irin mai nuna lokaci da inuwa, kore shar, ganye kamar tafin hannu. Shekarata shida a ƙasar nan ina cin daskararre na kanti. Na ga ɗan allo mai rubutu a gabansa, amma raina ya ce ai ciyawa ce ta fito musu, ba su san darajarta ba. Na tsuguna na taimaka musu, har jakata ta ƙi rufuwa.

Da suka fito, wata tsohuwar Baturiya mai kula da lambun ta ja mu wurin da alfahari, tana cewa irin nan tun zamanin matar wanda ya gina gidan ake adana shi. Ta juya ta ga kara tsirara.

Malamar aji ta tambayi wanda ya yi. Wani yaro ya nuna Hauwa, wai ya ga ganye a kan takalminta. Idon yarinyar ya ciko da hawaye. Nan na matso gaba, don a kan miya ba zan bari a kira 'yata ɓarauniya ba.

Na zuge jakar a gaban yara ashirin.

“Mommy, you said ganye ɗaya,” in ji Hauwa a hankali, tana tuna mini huɗubata.

Tsohuwar ta dube ni, ta tambaya, “Dama ana ci?” Ta ce in tafi da shi, tunda ba ya liƙuwa.

Na dafa kuwa. Ya tsufa, ga ɗaci, na ci ni kaɗai saboda kunya. Yanzu ko alayyaho ya yi mini sallama a hanya, in dai da allo a gabansa, amsawa kawai nake yi in wuce.